Zuwa Ga Edita: Zamanin Tofido Bai Wuce Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina bibiyar shafinku na labaran ƙasashen waje, kuma na karanta sharhin da kuka buga kwanan baya a kan yaƙin teku. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira, sai dai ya ambaci tofido sau biyu, kuma a duka wuraren akwai gyara. Da farko ya kira shi makami mai linzami, daga baya kuma ya ce tsohon kayan Yaƙin Duniya na Biyu ne wanda zamani ya bari a baya. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili in faɗi abin da na sani, domin ɗalibai da yawa daga jaridu irin taku suke ɗaukar kalmomi, kuma abin da suka gani a rubuce shi suke riƙewa.

Abin da muka saba kira makami mai linzami ta sama yake tafiya, ya sauka a kan jirgi ko ya huda gefensa a saman ruwa. Shi kuwa tofido a cikin ruwa yake gudu da injinsa da farfelarsa, kamar wani dogon kifi na ƙarfe, har ya isa ƙasan jirgin da aka nufa. Wannan bambanci shi ne tushen maganar gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri ko a bakin Tafkin Chadi ya san cewa tsagewar bakin jirgi abin gyara ce, amma ɓulewar gindinsa sai salati. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka idan nakiya ta fashe a cikinsa, ƙarfin fashewar kan jikin jirgin yake ƙarewa. Tofido na zamani ma ba ya bukatar ya taɓa jirgin: a ƙarƙashinsa yake fashewa, kumfar iskar da ta tashi ta ɗaga tsakiyar jirgin sama, sa'an nan ta janye ta bar shi babu abin da ya tallafe shi, sai ƙashin bayansa ya karye. Abin dariya a nan shi ne, idan ana maganar linzami na gaske, tofido ne ya fi cancantar sunan, domin irin su Mark 48 na Amurka suna jan siririyar waya a bayansu, wadda da ita masu jirgin ƙarƙashin teku suke juya su dama da hagu kamar doki. Amma sunan ya riga ya zauna a kan wani makamin, kuma gauraya su rikita mai karatu kawai zai yi.

Gaskiya ne makamin ya daɗe. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Robert Whitehead ne ya ƙera na farko mai tuƙa kansa a 1866, a garin Fiume, wanda yanzu ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya, kuma da matsattsiyar iska yake tafiya, ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Haɗarinsa ya bayyana ƙarara a ranar 22 ga Satumba, 1914, lokacin da ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, U-9, ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, a safiya ɗaya, mutum sama da 1,400 suka halaka. Biyu na ƙarshen sun tsaya ne domin su ceci mutanen na farkon, aka same su a tsaye. A watan Mayun 1915 kuma tofido ya sami jirgin fasinja Lusitania kusa da gaɓar Ayalan, ya nutse cikin minti 18 da rayuka kusan 1,200. Mu ma abin bai bar mu ba, domin makonni kaɗan kafin wannan, a ranar 28 ga Maris, an nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Libaful zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. Ta wannan hanyar teku ce gyaɗa da fatun Kano suke bi zuwa Ingila, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sai da aka riƙa tara jiragen kaya a Firitawun ta ƙasar Saliyo ana yi musu rakiya saboda tsoron wannan makami.

Ba na cewa ba shi da aibi. Amurkawa sun shiga yaƙi da Japan a 1941 da tofidon Mark 14, wanda yake bi ta ƙarƙashin zurfin da aka saita masa da kimanin mita 3, na'urar maganaɗisun da ke tayar da nakiyarsa ba ta da tabbas, kuma sau da yawa ya daki jirgi sosai ya ƙi fashewa. Hukumar da ta ƙera shi ta yi ta ɗora laifin a kan kyaftin-kyaftin, wai ba su iya saiti ba, har sai da Admiral Lockwood, wani kwamandan jiragen ƙarƙashin teku na Amurka, ya sa aka harba shi cikin ragar kamun kifi a Ostireliya a 1942, aka auna inda ya huda ragar, sa'an nan gaskiya ta fito. Gyaran bai kammala ba sai a 1943. Rasha ma ta ɗanɗana: a watan Agustan 2000 tofidon atisaye ne ya fashe a cikin jirginta na ƙarƙashin teku Kursk, mutum 118 da ke ciki babu wanda ya fita.

Inda na fi saɓawa da marubucinku shi ne zancen cewa an daina yayinsa daga 1945. A Disambar 1971 jirgin ƙarƙashin teku na Pakistan, Hangor, ya nutsar da jirgin yaƙin Indiya, Khukri, da mutane kusan 200. Sai kuma yaƙin tsibiran Falkland, wanda a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi. A ranar 2 ga Mayu, 1982, jirgin Birtaniya mai amfani da makamashin nukiliya, Conqueror, ya harba tofido uku a kan General Belgrano na Ajantina, biyu suka same shi, mutum 323 suka mutu, wato kusan rabin dukkan sojojin da Ajantina ta rasa a yaƙin. Kyaftin ɗin Conqueror yana da sabon tofido mai waya a cikin jirginsa, amma bai amince da shi ba, sai ya zaɓi Mark 8, wanda aka tsara tun shekarun 1920. Shi kansa Belgrano tsohon jirgin Amurka ne da ya tsira daga harin da Japan ta kai Pearl Harbor, sa'an nan ajalinsa ya zo ta hannun makamin da ya girme shi. Har yau ana jayayya a kan halascin harin, domin jirgin yana wajen da'irar mil 200 da Birtaniya ta shata a kewayen tsibiran, amma babu mai jayayya a kan sakamakonsa: manyan jiragen ruwan Ajantina, har da mai ɗaukar jiragen sama, sun koma kusa da gida ba su sake fitowa fagen daga ba har aka gama yaƙin.

Idan kuma 1982 ta yi wa wani nisa, to a ranar 26 ga Maris, 2010, jirgin Koriya ta Kudu mai suna Cheonan ya rabe gida biyu a cikin dare, sojojin ruwa 46 suka mutu. Kwamitin bincike na ƙasashe da dama ya ce tofidon Koriya ta Arewa ne ya fashe a ƙarƙashinsa, ita kuwa ta musanta. Wannan ma wata ɗabi'ar makamin ce da ya kamata mai sharhi ya lura da ita. Makami mai linzami na'urar hangen nesa tana iya ganinsa tun yana tafe, a san inda ya fito, a yi ƙoƙarin kakkaɓo shi. Tofido kuwa sai dai a saurare shi da kunnen na'ura a cikin hayaniyar teku, kuma wanda ya harba shi yana iya sulalewa ba tare da kowa ya gan shi ba. Shi ya sa ƙasashe ke ci gaba da zuba dukiya wajen sayen jiragen ƙarƙashin teku, waɗanda har gobe tofido ne babban makaminsu na nutsar da jirgi.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ku buga wannan gyara, kuma ku daidaita kalma ɗaya da za ku riƙa amfani da ita. Idan tofido ya yi wa wasu masu karatu baƙunta, ana iya cewa nakiya mai gudu a ƙarƙashin ruwa a karo na farko, daga nan a ci gaba da gajeren sunan.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya