Kujerar taya, da sauran abin da na tuna

Garwa, daren Laraba

Assalamu alaikum, ƙawata ta kaina.

Ina gajiya, ya zafin Njamena? Ya maigidan, ya 'yar tsohuwar nan mai ƙin barci? Na san kin gama zagina a zuci, saƙonki ya yi sati uku ban amsa ba. Na ɗauki laifi. Amma abin da kika tambaya ba na saƙon murya ba ne, don na san halinki, za ki saurara kina tuƙa tuwo, rabi ya bi iska. Abu biyu kika tambaya, bari in fara da na kujerun.

Na ga hoton falon. Labulen ya yi, ledar ƙasan ma ta yi, kuma ina roƙonki kada ki ci bashi saboda kujeru. Tayoyin nan da kika ce an jibge a bayan gidan sun ishe ki wurin zaman mutum uku ko huɗu, in dai za ki bi abin da zan faɗa ba tare da kin yi naki wayon ba.

Zaɓi tayar ƙaramar mota, mai lamba 13 ko 14. Faɗinta yakan kai santimita 55 zuwa 60, kaurinta kuma wajen 18. Taya ɗaya ta yi ƙasa, Goggo in ta zauna sai an kamo hannunta, don haka guda biyu za ki ɗora, kuma lambarsu ta zama iri ɗaya, in ba haka ba kujerar za ta fito da ƙugu a karkace. Wadda waya ta leƙo a jikinta ki bar ta, tana yaga zane, tana yaga yatsa. Kafin ki sa hannu a ciki ki tayar da ita tsaye ki bubbuga da sanda. Kunama ba ta da ɗakin da ya fi mata cikin taya. Sai ki wanke da omo da buroshi ciki da waje, ki jingine ta kwana biyu ta bushe sarai. In da sauran laima ko maiƙo, gam ba zai kama ba, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba.

Haɗa su da noti huɗu masu kaurin milimita 8, kowanne da wasa biyu, wato 'yan faya-fayan ƙarfen nan masu huda a tsakiya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ba wasa, kan notin zai nutse cikin roba ya fice bayan wata guda. A kumatun tayar ake hudawa, wato gefen da ke da rubutu, don can babu waya. Wayar tana cikin inda ke taka ƙasa da kuma bakin da ke kama ƙarfe. Ki kai wa kafinta ya huda da injinsa, minti biyar ya gama. Na san za a ce miki ki gasa ƙusa a wuta ki soka. Tana hudawa, amma hayaƙin roba a ƙirji ba abin wasa ba ne, ga yarinya a gida.

Tunda kin je wurin kafintan, ya yanko miki filawud mai kaurin milimita 12, zagaye biyu, kowanne faɗin santimita 50. Kada ya lallaɓa ki da na silin, siriri ne, ranar da ƙanwar mijinki ta zauna za a ji ƙara. Ɗaya na ƙasa ne, ki ɗaure shi da sukurori ya rufe gindin ruf. Ki sa masa 'yan ƙafafu huɗu na guntun katako, tsayin yatsa uku, saboda gara da ruwan goge ɗaki. Ɗayan shi ne murfi, kada ki kafe shi. Ki sa a buga masa 'yan katakai uku ta ƙasa waɗanda za su shige cikin ramin tayar su hana shi zamewa. Kin ga kin sami ma'ajiya, sai ki zuba kayan wasan yarinya.

Af, kafin in manta. Amaryar gidan Liman ta haihu, namiji, suna ranar Asabar. Mutuminki mai babur kuwa ya sake zuwa gaisuwa gidan su wance, karo na uku ke nan, da goro har da turare. Inna ta ce wannan gaisuwa ta fi ƙarfin gaisuwa. Ni dai ban ce komai ba.

To, igiya. Nan ne kuɗin yake, nan ne kuma ake yin kuskuren lissafi. Nemi igiyar rama mai kaurin santimita ɗaya, busasshiya. Ta nailan tana da sulɓi, gam ba ya riƙe ta, kuma tana sa kujera ta yi kama da kayan masunta. Zagaye ɗaya na taya yana cin kusan mita 2 ba kaɗan, taya biyu kuma za su ci zagaye 40 zuwa 44, kin ga wajen mita 80 ke nan. Sayi 90 a wurin mutum ɗaya, rana ɗaya. In ta yanke miki a tsakiya kika koma kasuwa, da wuya ki sami mai launi da kauri iri ɗaya, kuma wurin haɗin zai riƙa kallon duk wanda ya shigo.

Gam kuwa na masu gyaran takalma za ki saya, na gwangwani, mai ruwan zuma. Wancan na kyandir da ake narkawa da 'yar bindiga, wanda kike gani a bidiyon Turawa, ba na ƙasarmu ba ne. Zafi ne ke narkar da shi tun farko, to baƙar taya a watan Afrilu, ana sama da digiri 40 a inuwa, me kike tsammani? Igiyar za ta saki ta zubo kamar ɗankwalin da bai ɗauru ba. Na takalman ana shafa shi a jikin taya da kuma gefen igiyar, a jira minti goma zuwa sha biyar har in kin taɓa ya daina bin yatsa, sannan a manna a danne. Wanda ya manna da ɗanyensa ya yi aikin banza. Ki riƙa shafa faɗin tafin hannu kawai a lokaci guda, ki fara daga ƙasa ki hauro, kowane zagaye ki matse shi da na ƙarƙashinsa har baƙin roba ya ɓace. A kwarin da ke tsakanin tayoyin biyu ki fara cusa tsumma ki cike shi, in ba haka ba igiyar za ta faɗa ciki. Bakin igiya na farko da na ƙarshe ki kafe su da ƙaramin sukuru. A tsakar gida za ki yi wannan aiki, nesa da murhu, don gam ɗin yana kama wuta kuma warinsa yana sa jiri.

In igiyar ta yi miki tsada, fenti ma yana yi, amma na ruwa, shafi biyu. Fentin mai yakan daɗe yana danƙo a jikin roba, baƙuwa ta tashi da shi a bayan zane. Farin fenti kuma yana rinewa ya koma ruwan ƙasa, don akwai maganin da ake sa wa taya a masana'anta wanda ke tsattsafowa a hankali. Zaɓi launi mai duhu ki huta.

Murfin shi ne wurin gayu. Yanko soso daga tsohuwar katifa, kaurin santimita 5, daidai faɗin katakon. Ki je wurin tela ki roƙi ƙyallayen atamfa, yawanci buhu suke tarawa su rasa yadda za su yi da shi. Nan Garwa bayan 8 ga Maris har rasa wurin zuba ragowar zanen ranar mata ake yi. Ki wanke su tukuna, masu zuba daban, saboda wani yadin yana tsukewa wani ba ya yi, in kika ɗinka kafin wanki sai ya tattare. Yanka murabba'i 49, kowanne santimita 12, ki bar santimita ɗaya na ɗinki a kowane gefe. Jeri bakwai sau bakwai zai ba ki santimita 70, daidai abin da zai rufe soso ya naɗo ƙarƙashin katako. Wajen bugawa da ƙananan ƙusoshi kada ki bi zagaye. Buga gabas, ki ja ki buga yamma, sai kudu da arewa, sannan ki cike tsakani. Haka ne ba zai yi tattara a gefe ɗaya ba.

Ragowar ƙyallen kada ki zubar. Yanka shi dogo-dogo, faɗin yatsa biyu, ki yi kitso uku-uku irin na kalaba, ki naɗe kamar faifai kina ɗinkewa da zare mai ƙarfi ta ƙasa, kin sami abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Sirrin ɗaya ne: ki sassauta hannu a kan kwana. In kika ja, gefen zai tashi ya zama ƙwarya. Da leda ma ana yi don ƙofar banɗaki, tunda ba ta shan ruwa. Ko da yake ku da aka hana leda tun 2010, mu kuma 2014, ban san inda waɗanda ke rataye a kan itatuwa suke fitowa ba.

Randar nan da kika ce ta tsage a hanyar Kusiri, ita ma tana da aiki. Toshe tsagar da siminti kaɗan, zuba yashi a gindinta, sa ƙaramar tukunya a ciki yadda bakinsu zai zo daidai, ki cike tsakaninsu da yashin kogi, tazarar yatsa biyu zuwa uku. Jiƙa yashin safe da yamma, rufe da jiƙaƙƙen buhu, ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa yana tafiya da zafi, tumatir da attaruhu su ƙara kwanaki. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar a shekarun 1990. Da rani take aiki sosai, da damina iska ta riga ta jiƙe, sanyin kaɗan ne. Kada ki shafa wa randar fenti don kwalliya, na san ki, toshe ƙofofin za ki yi. Nama da madara kuma ba nasu ba ne.

Yaya ta ce in gaya miki kwanonta mai murfi har yanzu tana lissafe da shi. Yara suna gaida ƙanwarsu. Kuɓewa ta yi arha a bakin Binuwai, zan busar miki in ba direban da ya kawo saƙon wancan karon.

Na duba wayar in ga abu na biyun da kika tambaya, ashe yaran nan sun goge saƙon. Sake turowa. Ki kuma turo hoton kujerar farko kafin ki fara ta biyu, ta gefe nake so, inda ba za ki iya ɓoye mini kwarin tsakiya ba.

Ki gaida maigidan da kyau.

Taki har kullum,
Maman 'yan biyu