Tarihin Kamfanin Ricoh da Halin da Masu Fotokofi Suke Ciki a Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani kamfanin ƙasar Japan wanda injinansa suke ciyar da magidanta da dama a birnin Kano, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka san asalinsa. Ni mai shagon fotokofi ne a kusa da tsohuwar Jami'ar Bayero, kuma shekara da shekaru da injin Ricoh nake neman abinci.

Da takarda wannan kamfani ya fara. An kafa shi a Tokiyo a watan Fabrairun 1936 da sunan Riken Kankoshi, da ma'aikata 33 kacal, domin ya riƙa yin wata takarda mai kama zane idan haske ya buge ta, wadda masanan cibiyar binciken kimiyya ta Riken suka ƙirƙiro. Wanda aka damƙa wa ragamarsa, Kiyoshi Ichimura, ɗan talakawa ne daga lardin Saga, kuma kafin nan shi ma dillalin wannan takardar ne. Daga baya suka shiga ƙera kyamara, har Ricohflex III ta 1950 ta yi kasuwa saboda sauƙin kuɗinta, sannan a 1955 suka fito da injin kwafi na ofis mai suna Ricopy 101, wanda yake aiki da irin takardar da suka riga suka gwanance a kanta. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, domin duk sabon matakin da suka taka a kan sana'ar da suka iya suka ɗora shi. A 1963 kamfanin ya koma amsa sunan Ricoh, a 1974 kuma ya fito da injin fakis mai aika kwafin shafi guda ta layin tarho cikin minti ɗaya.

Duk wanda ya yi makaranta a da zai tuna injin Gestetner da ake gurza takardun jarrabawa da shi, akawu yana juya hannun injin, baƙar tawada ta ɓata masa yatsu. To, wannan tsohon kamfani na Ingila shi ma Ricoh ya saye shi a 1995.

Mu kuwa a nan galibin injinanmu na hannu ne, an gama morarsu a ofisoshin Turai kafin su iso ta Legas. Idan hunturu ya kama, ƙura ta shiga ciki, sai takarda ta fara fitowa da baƙin layi daga sama har ƙasa. Yaron da yake yi mini gyara bai taɓa shiga ajin koyon wannan aiki ba, amma da ya kasa kunne ya ji ƙarar injin zai gaya maka ko duram, wato gangar da ke ɗora rubutu a kan takarda, ne ya ci ko robar jan takarda ce ta suɗe. Bara, daidai lokacin da ɗalibai suke rububin buga kundin kammala karatu, wani ɗan haƙorin roba da bai kai murfin kwalba ba ya karye mini, na yi mako uku ina jiran a kawo shi daga waje, ina ji ina gani masu ciniki suna wucewa shagon gaba. Tona kuwa, wato garin tawadar injin, farashinta dala yake bi.

Saboda haka nake kira ga kwalejojin fasaha na jiharmu da su buɗe sashen koyar da gyaran injinan ofis, su kuma karɓi waɗannan matasa su ba su takardar shaida a kan abin da hannunsu ya riga ya iya. Ina kuma kira ga attajiranmu, musamman masu masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da su duba yiwuwar ƙera irin waɗannan ƙananan kayan gyara a gida, tunda masu buƙatarsu suna nan a bakin kowace makaranta da kotu da sakatariya. A shagona akwai matattun injina guda biyu a jingine, kuma a shirye nake in ba da su kyauta ga duk makarantar da za ta koyar da yara a kansu.

Wassalam.

Naku,
Mai shagon fotokofi,
Kabuga, Kano.