Mota mai caji: a gaya wa mai saye gaskiya kafin ya biya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ɗan kasuwa ne, mutumin Fagge a Kano, amma zamana ya fi yawa a Guangzhou ta ƙasar Chaina, inda nake saye wa mutane kaya ina loda musu a kwantena. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, saƙonnin da ke zuwar mini daga gida suka sauya. Da can maganar tayil ce da yadi da farantan sola. Yanzu da wuya mako ya wuce wani bai turo mini hoton mota mai caji yana tambayar nawa za ta iso Legas ba. Ba na hana kowa, domin na gamsu motocin nan suna da amfani. Sai dai akwai wani ciwo da na ga ya kama masu sayensu a nan, kuma ina ganin ya kamo hanyar gida. Mutum zai biya kuɗinsa, ko ledar kujera bai cire ba, sai kamfani ya fito da sabon samfuri da ya fi nasa batir, ya fi nasa kayan aiki, kuma ya fi nasa araha.

Ranar 6 ga Janairun 2023 kamfanin Tesla ya zaftare farashin motocinsa a Chaina. Model 3 da ake sayarwa yuan (kuɗin Chaina) 265,900 ta koma 229,900, Model Y kuma ta sauko daga 288,900 zuwa 259,900. Da yawa daga waɗanda suka karɓi motocinsu a Disamba sun yi gaggawa ne saboda tallafin gwamnati na sayen motar lantarki zai ƙare tare da shekarar 2022, sai ga shi abin da ya zube musu cikin 'yan kwanaki ya zarce tallafin nesa ba kusa ba. Suka yi cincirindo a wuraren miƙa motoci na Shanghai da Chengdu suna neman a mayar musu da wani abu. Kamfanin ya ce ba shi da niyyar biyan kowa. Bayan mako guda aka maimaita a Amurka, inda Model Y mai dogon zango ta faɗo daga dala 65,990 zuwa 52,990.

Wancan ragin kuɗi ne kawai, motar tana nan yadda take. Wanda ya fi ƙona rai shi ne na Zeekr, wani reshen kamfanin Geely. A ƙarshen Fabrairun 2024 suka fito da sabuwar Zeekr 001, mutane suka yi rububinta. A tsakiyar Agusta, wata shida ma bai cika ba, suka sake fito da wata suka kira ta samfurin 2025, da kwamfutar taimaka wa direba ta daban, ta kamfanin Nvidia a maimakon ta kamfanin Mobileye da ke cikin ta Fabrairu. Wannan ba abu ne da za a turo wa mutum ta intanet ya sauke a motarsa ba, ƙarfe ne da waya, wanda bai samu ba ya rasa ke nan. Kamfanin BYD ma ranar 10 ga Fabrairun 2025 ya sanar da sanya na'urarsa ta taimakon tuƙi a samfura 21, har da ƙaramar motarsa Seagull, ba tare da ƙarin farashi ba. Waɗanda suka saya ana gab da bikin sabuwar shekarar 'yan Chaina, don su je ƙauye da sabuwar mota, su ne suka cika hukumomin karɓar ƙorafi.

Na ga abin da idona a kan wani matashi ɗan Chaina da ke yi mini tafinta idan za mu shiga masana'antu a Foshan da Dongguan. Da motarsa yake ɗaukata, da ita kuma yake kabu-kabu ta manhajar waya idan ba mu da aiki. Bashin banki ya ci ya saye ta. Ya gaya mini cewa kafin ya sa hannu sai da ya dubi mai sayarwar ya tambaye shi ko akwai sabuwa a hanya, aka ce masa babu, ya kwantar da hankalinsa. Bai biya kaso na uku na bashin ba sabuwar ta fito, da batir mai ƙarin zango da saurin caji, a farashin da bai kai nasa ba. Yaro mai yawan raha, amma tsawon lokaci idan muka tsaya a danja sabuwar ta tsaya kusa da mu sai ya kau da kai. Da ya je a kimanta masa tasa a kasuwar tsofaffin motoci, kuɗin da aka taya bai kai ragowar bashin da ke kansa ba.

Na ji masu cewa wannan kwaɗayi ne, ai motarsa tana tafiya, me ya rage shi da shi? Ban yarda da su ba. Wanda bashinsa ya fi ƙarfin kadararsa ya ragu, ko da motar tana tashi sama. Idan rashin lafiya ta taso a gida ya buƙaci sayarwa, sai ya ciko daga aljihunsa kafin banki ya sake shi. Manyan kamfanoni masu akantoci ma abin ya ci su. Hertz, mai ba da hayar motoci a Amurka, wanda a 2021 ya sanar zai sayi Tesla 100,000, a Janairun 2024 ya ce zai sayar da motocin lantarki 20,000, kuma faɗuwar darajarsu na cikin dalilan da ya bayar.

Abin da ke jawo wannan saurin ba ɓoyayye ba ne. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar, kuma farashinsa sauka yake yi. Tan ɗaya na sinadarin litiyam da ake haɗa batir da shi ya kusa kai yuan 600,000 a Nuwamban 2022, amma shekara guda da 'yan kai bayan nan ya faɗo ƙasa da 100,000. Ga kamfanoni sama da ɗari suna kokawa a kasuwa ɗaya, kowa na son ya riga ɗan'uwansa. Tsofaffin kamfanonin Turai da Japan kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar kafin su sauya ƙirar mota, na nan kuwa shekara biyu ma ta yi musu yawa, kuma a tsakani suna ta 'yan gyare-gyare. Duk wannan alheri ne ga wanda zai saya gobe, wanda ya saya jiya ne ke biyan kuɗinsa.

Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da kamfanonin ke tsoro. A makarantun koyon kasuwanci har yau ana ba da labarin kamfanin kwamfuta na Osborne a Amurka, wanda a 1983 ya yi shelar sabuwar na'ura tun ba ta fito ba, ciniki ya tsaya a kan wadda ke shago, kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya durƙushe. Don haka babu mai son ya ce wa jama'a ku dakata, ta gaba ta fi. Na fahimci wannan. Amma tsakanin yin shiru da sirrin kamfani, da kallon idon mutum a ce masa babu alhali motocin suna kan tirela, akwai tazara mai nisa. Kuma akwai hanyar da ba ta kashe ciniki. A Maris ɗin 2023, lokacin da yaƙin farashi ya yi zafi, kamfanoni irin su Li Auto da Leapmotor sun yi alƙawarin cewa duk wanda ya saya, idan farashi ya sauka cikin kwana 90, za a mayar masa da bambancin. Mu da muka tashi a kasuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya ce mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, a sanya albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Malamanmu kuma sun karantar da mu falalar wanda ya karɓi kayansa daga mai sayen da ya yi nadama.

Dalilin da ya sa na rubuto wa jaridar Hausa maimakon in bar wa 'yan Chaina matsalarsu shi ne yadda muke kallon mota a gida. A wurinmu mota ajiya ce. Fijo 504 an yi shekara wajen talatin ana haɗa ta a Kaduna, ba ta sauya kama sosai ba, kowane bakanike ya san cikinta. Wanda ya sayi Corolla ko Camry 'yar Kwatano a 2022 zai iya sayar da ita a yau fiye da yadda ya saya, saboda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan gyaranta suna nan jibge a Ƙofar Ruwa. Da wannan tunanin Alhazanmu ke zuwa sayen mota mai caji. Suna zaton ranar da suka gaji da ita za su mayar da kuɗinsu. Mai sayen hannu na biyu kuwa zai ɗauko wayarsa ya ga cewa sabuwa dal, mai zango fiye da taka, ta fi taka araha a Chaina, sai ya taya ka da wannan lissafin.

Sannan ina tsofaffin samfuran nan suke tafiya idan sabuwa ta fito? Da yawansu waje ake fitar da su. Akwai wata dabara da ta yi ƙaurin suna a nan, a yi wa sabuwar mota rajista don a ƙirga ta cikin waɗanda aka sayar, sannan a fitar da ita a matsayin tsohuwa alhali ba ta taɓa hawa titi ba. Shugaban kamfanin Great Wall, Wei Jianjun, ya fito fili ya soki wannan a Mayun 2025. Irin waɗannan motocin ne dillalai ke turo hotunansu a WhatsApp da sunan sabon yayi. Ka ƙara da cewa jirgi daga tashar Nansha zuwa Legas yana cin fiye da wata guda, ga zaman jiran kwastan, ga tafiya a kan tirela zuwa Arewa. Kafin mukulli ya shiga hannun mai ita, wataƙila an sauya ta sau biyu a inda aka ƙera ta.

Ba na cewa kada a kawo tsohon samfuri. Sau da yawa ma shi ne cinikin da ya fi dacewa da mu, don na'urar taimakon tuƙi da ake taƙama da ita a titunan Shenzhen ba za ta yi wani aiki a hanyar Gwarzo ba. Abin da nake cewa a faɗi sunansa tsohon samfuri, a sa masa farashin tsohon samfuri. Batir yana tsufa ko da mota na ajiye, musamman a zafi, kuma wadda ta shekara a fili rana na dukanta ba daidai take da wadda ta fito wancan watan ba, balle ta zo ta tarar da zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato.

Mai saye yana da hanyar kare kansa da ba ta buƙatar kowa. Lambar shasi tana da alamomi 17, na goma shi ke nuna shekara: P na nufin 2023, R 2024, S 2025. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai ɗan allo da aka buga shekara da watan ƙera motar. Duk wanda zai tura miliyoyi ya ce a ɗauko masa hoton waɗannan biyun tukuna. Ya tambayi bakin caji, domin motar da aka yi don kasuwar Chaina tana da baki irin na GB/T, wanda ya bambanta da CCS2 na Turai, kuma ba kowace tashar caji za ta karɓe ta ba. Ya bincika ko kamfanin yana da rai, tunda WM Motor ya nemi kariyar fatara a 2023, HiPhi ya tsayar da ƙira a farkon 2024, Jiyue ya rushe a Disambar 2024, kuma motocinsu suna nan suna yawo a hannun dillalai da araha mai jan hankali. Ya kuma lura da kalanda: ana baje kolin motoci a Beijing ko Shanghai a Afrilu, a Chengdu wajen ƙarshen Agusta, a Guangzhou a Nuwamba, kuma a waɗannan lokuta ne sababbi suka fi fitowa. Idan saura 'yan makonni, haƙuri ya fi.

Wanda kuma ya riga ya saya, yana kallon sabuwar a waya zuciyarsa na tafasa, shawarata kada ya yi saurin sayarwa don ya bi yayi, domin a nan ne asarar ke tabbata, kuma wadda zai saya ma haka za a yi mata. Ya yi lissafin abin da ya kai shi. Matsakaiciyar mota mai caji tana cin kimanin yunit 15 na wuta a kilomita 100. Ko a farashin naira 225 kowane yunit da aka sanya wa masu amfani da wutar lantarki 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan bai kai naira 3,500 ba, alhali motar fetur mai shan lita 8 a wannan tazarar ta haura naira 8,000 a lokacin da lita ta wuce dubu. Mai sola a gida kuwa nasa ya fi haka sauƙi. Wannan ribar ba ta ragu don wata ta fito ba.

Roƙona ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC da Hukumar Bunƙasa Ƙera Motoci ta NADDC shi ne su wajabta wa duk mai sayar da motar lantarki ya rubuta a jikin rasit shekarar samfuri, da watan ƙira, da girman batir, da irin bakin caji, da wanda zai ɗauki nauyin garanti a cikin Najeriya. 'Yan'uwana masu shigo da kaya kada su jira doka, mu da muke nan mun fi kowa sanin wacce ce ta bana wacce ce ta bara. Kai kuma Edita, ina roƙon ka tura wakilanka wuraren sayar da motoci a Kano da Kaduna da Abuja, su tambayi dillali shekarar motar, sannan su buɗe ƙofa su karanta allon da ke jikin ginshiƙi, ku buga mana abin da suka gani.

Wassalam.

Mai karatunku,
ɗan Fagge mazaunin Guangzhou