Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Harkokin Teku: A Ba Mu Ido Tsakanin Dawanau Da Apapa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, riɗi da zoɓo nake turawa Legas a fitar da su waje.

A Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa (NPA) ta kawo Eto, manhajar da ke yanka wa tirela lokacin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Duk wanda ya ga motoci na kwana da kwanaki a kan gada ya san an samu sauƙi, mun gode. Sai dai tsakanin Kano da Legas akwai kusan kilomita 1,000, kuma a nan cikin duhu muke. Bara na yi lodi, kwana uku wayar direba a kashe. Ina zaune kan buhu ina juya tawa a hannu, mai saye na ta turo saƙo, ni kuwa ban san ko motar na Mokwa ko ta haye Jebba ba.

Tun annobar korona, da ranar da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida a Maris 2021, masu binciken sufuri suka karkata ga bin sawun kaya tun daga lodi har saukewa. Ana maƙala wa kwantena 'yar na'ura mai faɗin inda take, da zafi da laimar da ke cikinta. Wannan na laima ya fi damuna, don zoɓo in ya sha danshi ya yi fumfuna, shi ke nan jari ya tafi. Masu binciken suna kuma aiki kan takardar lodi ta intanet, da kwamfutar da ke hango cunkoso kafin ya afku.

Ranka ya daɗe, tashar tsandauri ta Kaduna tana nan tun 2018, ta Dala tun Janairun 2023. Roƙona, a haɗa su da Apapa a manhaja ɗaya, ta yadda kwantenar da aka rufe a Kano za mu riƙa ganinta a waya har bakin jirgi.

Sannan bayanan da Eto ta tara shekarun nan, a buɗe wa malaman cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya da na Jami'ar Bayero su yi nazari, su nuna mana da alƙaluma inda motocinmu ke ɓata kwanaki. Mu 'yan kasuwa a shirye muke mu ba su namu littattafan lodin.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar Dawanau, Kano