Zuwa ga aminina, kan yadda Bagadaza ta riƙe lardunanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, saƙonka ya iso. Ka tambaya yadda halifan Abbasiyya yana zaune a Bagadaza yake mulkin ƙasar da ta miƙe daga Tunisiya ta yau har Kurasan. Malam, amsar ita ce ba shi yake mulkinta kai tsaye ba. Rabawa yake yi, kuma ƙarfinsa ya dogara ne ga abin da ya ƙi rabawa.

Tun zamanin Sayyidina Umar an riƙa raba aikin lardi tsakanin mutane daban. Wali, wato gwamnan lardi, yana riƙe da sojoji da limancin Juma'a, mai haraji yana riƙe da baitulmali, alƙali yana riƙe da shari'a. A kan waɗannan akwai shugaban baridi, wato mai kula da dawakan kai saƙo, wanda yake rubuta wa halifa labarin wali ba tare da ya bi ta hannun walin ba. Hikimar a fili take: mai takobi ba ya da makullin kuɗi, don haka ba ya iya biyan sojoji su bi shi tawaye. Alamar biyayya kuma biyu ce, a ambaci sunan halifa a huɗubar Juma'a, a kuma buga shi a jikin dinari da dirhami.

Dubi abin da Haruna Rashid ya yi a shekarar 800 miladiyya. Lardin Ifriƙiyya, wato Tunisiya ta yau da kewayenta, mai hedikwata a Ƙairawan, kullum cikin bore yake, kuma ana tallafa masa da dinari 100,000 duk shekara daga Masar. Ibrahim ɗan Aglab ya ce a ba shi lardin, ya yafe tallafin, shi kuma zai riƙa aika dinari 40,000 duk shekara. Halifa ya amince, mulkin ya zauna a gidan Aglabawa har 909. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, domin lardin da yake cin kuɗi ya koma mai kawowa, kuma nisansa ya sa ba ya barazana ga Iraƙi. Da ƙarfin kansu ma suka tura rundunar ruwa tsibirin Sisiliya a 827 ƙarƙashin alƙali Asad ɗan Furat, suka ci birnin Falarmo a 831.

Masar ce inda abin ya lalace, kuma nan nake so ka tsaya ka duba. Ahmad ɗan Tulun ya iso a 868 yana riƙe da sojoji kawai, haraji yana hannun Ibn Mudabbir. Cikin kimanin shekara huɗu ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka kawar da mai harajin, kuɗin ƙasa ya dawo hannunsa. Da wannan kuɗi ya kafa runduna tasa ta kansa, mai cin albashi daga gare shi. A lokacin kuwa daular halifa tana fama da boren Zanj, wato bayi baƙar fata, a kudancin Iraƙi, wanda ya ɗauke ta daga 869 zuwa 883, rundunar da ta tura masa ma ba ta iya isa Masar ba. A 878 ya haɗa da Sham. Sunan halifa bai fita daga huɗuba ba, amma abin da zai aika ya zama ganin damarsa, kuma sai a 905 aka iya ƙwato Masar daga zuriyarsa.

Daga nan ciwon ya riƙa ciyar da kansa. Haraji ya ragu, baitulmali ya kasa biyan sojoji, sai aka koma ba manyan hafsoshi iƙɗa'i, wato ikon karɓar harajin wani yanki a madadin albashi. Wanda aka ba yanki na ɗan lokaci yakan tatse manoma, ba ya gyara magudanan ban ruwa, amfanin gona ya ragu, haraji ya ƙara raguwa. A 936 Halifa Radi ya miƙa wa wani babban hafsa, Ibn Ra'iƙ, sojoji da kuɗi gaba ɗaya, a 945 kuma Buwaihawa, wani gidan mayaƙa daga Iran, suka shiga Bagadaza.

In kana son hukuncin malamai, ka nemi babin sarautar larduna a Ahkamus Sulɗaniyya na Mawardi, wanda ya rasu a 1058. Ya bambance amirin da halifa ya zaɓa da kansa da wanda ya ƙwace lardi da ƙarfi sannan aka tabbatar da shi don kada hukunce-hukuncen shari'a su ɓaci a can. Ka karanta sharuɗɗan na biyun a tsanake, su ne suka fi dacewa da tambayarka.

Ka isar mini da gaisuwa ga Hajiya da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka