Sanarwa kan tafiyarmu ta Goronyo ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa ya tashi lafiya.

In Allah ya yarda, Asabar ɗin nan za mu kai kwale-kwalenmu na roba dam ɗin Goronyo domin atisaye. Mun samu aron ƙaramar tirela mai ɗaukar guda 4, wadda mota ƙarama ma za ta ja. Mu haɗu a gidan ma'aji a Mabera da zarar an idar da sallar Asuba, mu yi lodi kafin rana ta ɗaga.

Don Allah a kula da ɗauri. Kowane kwale-kwale a kife shi, a ɗaure da igiya biyu a tsakiya, sannan gaba da baya. Kada a tamke fiye da kima, don zafin Sakkwato na sa roba ta yi laushi ta lotse. Masu nauyi su zauna a ƙasa, kuma nauyin ya ɗan fi yawa a gaban tayoyi, in ba haka ba tirelar za ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya. Irin wannan tirela ba ta da nauyi, tsalle take yi a rami, shi ya sa za mu tsaya bayan mun fita gari mu sake duba igiyoyin.

Direbanmu zai duba iskar taya, fitilu da sarƙar tsaro tun daren Juma'a.

Kuɗin mai naira 5,000 ne kowa, a ba ma'aji kafin Alhamis. Wanda bai zo da rigar ruwa mai hana nutsewa ba, gaskiya ba zai shiga ruwa ba.

Allah ya kai mu lafiya.
Sakatare