Maganar Hedar da Kake So a Sa wa Tundra

Houston, Texas,
Amurka.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, sai zafin garin nan mai laima, wanda gumi ba ya bushewa a jikin mutum.

Na saurari saƙonka, na kuma kalli bidiyon da ka turo na wannan Tundrar mai ruri. Ka ce in saya maka heda, wato bututan fitar da hayaƙi daga inji, irin tata in jefa a kwantenar da za mu loda, don mota ta ƙara ƙarfi ta kuma rage shan mai. Saye ba wuya, shagunan suna nan birjik. Amma maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. In ka karanta har ƙarshe kana nan a kan bakanka, sai in sayo.

Ka san kowace silinda in ta ƙona mai, bawul yakan buɗe ta tura hayaƙi waje, bugu ɗaya bayan ɗaya. A yawancin motoci silinda huɗun da ke gefe guda suna zuba hayaƙinsu cikin manifol ɗaya gajere, wannan na fitowa wancan na danno shi, kamar yadda ake cushewa a ƙofar masallaci in an sallame Juma'a. Ita heda kowace silinda tana da bututunta daban, sai sun yi tafiya kafin su haɗu a wuri ɗaya. In an auna tsawo da faɗin bututun daidai, bugun hayaƙin da ya wuce yakan bar iska mara nauyi a bayansa, ita kuma ta zuƙo ragowar hayaƙin silindar da ke biye. Silinda ta yi fayau, ta samu wurin ɗaukar sabuwar iska da mai. Dabarar ke nan gaba ɗaya, kuma tana aiki, ba ƙarya ba ce.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne a ina ƙarfin yake fitowa. Injin motarka mai lita 5.7, wanda Toyota ta sa wa Tundra daga 2007 zuwa 2021, yana ba da ƙarfin doki 381 ne sai ya kai juyi 5,600 a minti. Don Allah yaushe rabon allurar juyin injinka da ta leƙa can? Kai da aikinka shi ne lodin buhunan masara daga ƙauye zuwa Dawanau, allura tana wasa wajen 2,000, in za ka wuce tirela ta ɗan ɗaga ta dawo. Cunkoson hayaƙi a sama yake damun inji, lokacin da bugun ke zuwa da sauri. A ƙasa, inda kake yini, ba wani cunkoso da za a warware maka. In ma aka yi rashin sa'a aka sa bututu mai faɗi da yawa, irin inci 1 7/8 da samari ke rububi, hayaƙin yakan rage gudu a ciki, sai motar ta yi sanyin jiki wajen tashi da kaya. Ka biya kuɗi ka sayi kasala. Sannan manifol ɗin da taka ta zo da shi daga masana'anta ba ƙarfen zubi ba ne irin na tsofaffin motoci, na stainless ne, don haka tazarar da ke tsakaninsa da heda ba ta kai yadda kake zato ba.

Iri biyu ake sayarwa. Akwai gajera, wadda take zama daidai gurbin manifol, ta haɗu da sauran salansa ba a yanka komai ba. Ƙarin ƙarfinta kaɗan ne, da wuya ka ji shi a ƙafarka. Akwai doguwa, irin ta bidiyonka, wadda bututunta ke gangarowa har ƙarƙashin mota. Ita ce mai ƙara ƙarfi na gaske a sama, ita ce kuma mai jawo rigima, don takan cinye wurin da indomi yake, wato tukunyar da ke tace gubar hayaƙi. Ko dai a matsar da shi baya a yi sabuwar walda, ko a cire shi ɗungurungum.

Na san abin da makanikinka zai ce: a cire kawai, ai kowa ma cirewa yake. Kar ka yarda. Na farko, ka tambayi kanka me ya sa yake ɗokin cirewa. A cikin indomi akwai platinum da palladium da rhodium, kuma akwai masu saye da tsada; nan ma ɓarayi sukan shiga ƙarƙashin mota da zarto cikin dare su yanke shi, kuma manyan a-kori-kura sun fi shan wahalarsu saboda tsayinsu. Na biyu, akwai sansa, wato na'urar auna hayaƙi, gaban indomi, akwai wata bayansa. Ta bayan aikinta ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko indomi yana tace hayaƙi. In babu shi, wutar inji za ta kama a dashbod, in aka jona sikana za ka ga P0420 ko P0430. Za a ce maka ka share, ba komai. To daga ranar wutar ba ta da amfani a wurinka, randa wata matsalar gaske ta zo ba za ka sani ba, tunda dama a kunne take. Na uku, warin. Mota mara indomi in ta tsaya a cunkoson Kurna, na bayanka da 'yan talla su ne za su sha, kai ma kana samun rabonka ta taga.

A nan Amurka ma ba zaɓi ba ne. Dokar tsaftar iska ta 1970, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 1990, ta haramta taɓa kayan tace hayaƙi a motar da ke hawa titi. A gundumarmu ta Harris kowace shekara sai an jona na'ura a jikin mota, in wutar inji tana kunne ka faɗi, ba sabunta takardu. Kalifoniya ta fi kowa tsanani, heda sai mai ɗauke da lambar amincewar hukumarsu ta CARB. Shi ya sa za ka ga an rubuta a kwalin dogayen cewa na filin tsere ne kawai. Masu bidiyon nan kuma, bayan sun ɗaura doguwar, sukan kai motar wurin mai kwamfuta ya sake saita mai da wuta a kan injin gwaji, kuma kaso mai tsoka na ƙarfin da suke alfahari da shi daga nan yake. Kai wa zai saita maka, kuma a kan wane fetur, tunda na gidan man yau daban da na gobe?

Ga kuma hanya. Doguwar heda takan sauko ƙasa fiye da kayan asali. Titin nan shimfiɗaɗɗe ne. Kai kuwa ga ramuka, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga damina in an shiga laka. Dutse ɗaya ya ishe ya lotsa bututu, kuma stainless ba kowane mai walda ke iya masa ba, sai mai argon.

Kar ka ce ina hana ka abin da ni na yi. Gaskiya ne akwai heda a tsohuwar a-kori-kurata, amma gajera ce, kuma lalura ce ta sa. Tawa manifol ɗinta na ƙarfen zubi ne, tof ɗin kuma, wato kan injin da ake ɗaure manifol a jikinsa, alminiyam. Zafi ba ya buɗa su daidai, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, shekara da shekaru ana ja ana saki har notin ƙarshe na baya ya tsinke. Da asuba in na tayar sai in ji tik-tik-tik daga gefen inji, in ta yi zafi ƙarfe ya kumbura ya toshe kafar sai ta yi shiru. Da muka haska fitila ta bayan taya, ga baƙin tabon hayaƙi ya yi layi a jikin tof, ga gurbin noti fayau, kan ya faɗi tuntuni. Guntun da ya rage a ciki ya karye daidai da fuskar tof, ba abin da filaya za ta kama. Wani makaniki ɗan Meziko ne ya cire shi. Ya ɗora sabon noti a kan guntun, ya cika tsakiyarsa da walda, ya bari ya huce, sannan ya riƙa murzawa gaba kaɗan baya kaɗan, yana feshin mai, har ya fito. Walda ba ta kama alminiyam, zafin kuma yana sassauta tsatsa. Ka koya wa yaranku wannan, ta fi a ɗauko dirila a huda tof a karkace. Manifol ɗin da aka ɗora a kan tebur ya bankare, har haske na wucewa ta ƙarƙashinsa, shi ya sa na ga gara in sa gajerar heda.

Me na samu? Tik-tik ɗin ya tafi, murya ta ɗan yi kauri, ƙarƙashin bonet ya ƙara zafi har sai da muka sa wa wayoyin fulogi riga. Shan mai ya ɗan sauka, amma ba don heda ba. Kafar da ke gaban sansa tana zuƙo iskar waje, sansa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙarawa. Toshe kafar ne ya gyara, ko manifol na asali na mayar haka zan gani. Na san tun da aka cire tallafi a 2023 kowa lissafin lita yake, amma wanda ya sa salansa mai daɗin murya ƙafarsa ba ta barin totur, don ya ji ta. A nan man yake tafiya.

To ga shawarata. Gobe da sassafe, kafin inji ya yi zafi, ka tayar ka buɗe bonet ka saurara. In ba tik-tik, ba tabon baƙi, ba warin hayaƙi a cikin mota, ka bar manifol ɗinka ya huta. Wannan na ƙarshen kar ka yi wasa da shi, gubar da ke cikin hayaƙin janareta ita ce dai a nan, kuma kana ɗaukar yara. Kuɗin ka zuba su a sababbin fulogi, da matatar iska, da sansa ta asali in taka ta gaji, da tayoyi. In muryar ce ta tsaya maka a rai, faɗi gaskiya ba kunya, sai in aiko da tukunyar salansa ta baya kawai, wadda ba ta taɓa indomi ko sansa.

In kuwa an duba an ga tsagewa, zan sayo gajera. Zan nemi ta stainless 304, mai kaurin fuska inci 3/8, wato farantin da ke manne wa tof, don masu arha fuskarsu siririya ce, zafi kaɗan ta bankare ta fara yoyo. Ka gwada da maganaɗisu in ta iso: 304 ba ya kama shi sosai, 409 yana kamawa, kuma yana yin jan tsatsa a sama. Dole ta zo da mahaɗin bututun iskar da ake hurawa cikin manifol lokacin tashi, don taka tana da shi. Gasket na ƙarfe mai falle-falle za a sa, ba na takarda ba, ba kuma gam. A jiƙa notocin da man tsatsa tun dare, musamman in motar daga jihohin arewa ta fito, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Bayan an yi 'yan kwanaki ana hawa, a sake bin notocin da sifana inji na sanyi. Wannan ne kowa ke mantawa.

Ka ce ƙaninka ma yana so wa Hilux ɗinsa. In mai dizal ce mai turbo, ka ce ya manta, turbo ne zaune a kan manifol ɗin, lissafinsu daban ne.

Ka turo min hoton lambar shasi da ke jikin ƙofar direba, da hoton ƙarƙashin motar ta gefe biyu, in ga ko indomin ma yana nan, don sau da yawa tun a hanya ake raba mota da shi. Ka yi sauri kafin a rufe kwantena. Takalman yara da maganin ƙafar Hajiya suna ciki tuni.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka har kullum.